Taken Mamman a Cikin Kwamfuta

Kafin Maiyaki,
Yuli, 1998.

Zuwa ga Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya Malam da yara, ya damina a Doguwa? Allah Ya sa ƙafar taki ta yi sauƙi.

Yaya, yau dai na samu bakin rubuto miki. Kin san tun da babur ya kayar da maigidana Labaran a Kwanar Dangora hannunsa na dama yake rawa. Mutumin da ya tsufa yana kaɗa wa manoma gangar gayya, sai ga shi ya rataye ta a ɗaka, ko kallonta ba ya yi. Ya daina cin abin kirki. Da muka ji samari na shirin ɗauko wani makaɗi daga Tiga, wallahi na ji tsoron baƙin ciki zai kwantar min da shi.

Khalil, ɗan ƙanensa mai haɗa kiɗa a Kano, shi ya lallashe shi, muka tafi tare. Ya zaunar da shi gaban fiyano da ke haɗe da kwamfuta, ya sa shi danna kiɗan da yatsa. Kowane bugu sai ya fito a gilashi kamar ƙwayar dawa, tsakanin layuka irin na kunyoyin gona. Rawar hannu ta watsa su, wani ya yi gaba, wani baya. Khalil ya taɓa wani abu, duk suka hau layi, kiɗa ya fito tsaf. Ni har na fara hamdala.

Gogan naki kuwa ya ɓata rai, wai an lalata taken Mamman. Kin tuna Mamman mai ɗingishi? Ashe da gangan Labaran yake jinkirta bugu ɗaya a takensa, don ya jira ƙafar nan ta sauka. Kwamfuta ba ta san gurgu ba, ta gyara har da shi. Khalil ya janyo bugun baya kaɗan-kaɗan har baffansa ya gyaɗa kai, sannan ya kulle shi yadda ko an sake daidaita sauran ba zai motsa ba.

Ranar gayya aka ajiye rikoda a bakin gona, aka saka kaset ɗin da Khalil ya naɗa mana. Kaset na kiɗa, Labaran na zuba kirari, don bakinsa ba abin da ya same shi. Da aka zo kan taken, Mamman ya ɗaga garma sama, ya taka, bugun ya jira shi daidai. Na ga hawaye a idon mijina, ni ma ban riƙe nawa ba.

Ba a ƙara zancen makaɗin Tiga ba. Jiya malmala biyu ya ci, har da ƙorafin miya ta yi kaɗan. Yanzu haka yana tsakar gida ya sauko da gangar, yana gwada ta da hagu. Kiɗan ba daɗi, Yaya, amma kada Allah Ya sa ya daina.

Ki gaida Malam da Hasana.

Ƙanwarki,
Asibi.