Kahwaɗar Baba da Tahiyar Ƙadangare

Malam, ka taimake ni don Allah, kahin in hwaɗa ma wani dattijo maganar da za ta bi ni har kabari.

Mahaihina ya hwaɗo daga babur da buhun albasa bara, hanyar Goronyo. Mai ɗori ya ɗaure hannun wata biyu. Ƙashi ya kama, alhamdu lillahi, amma kahwaɗa ta sanƙare awa icce. Ko kabbarar salla hannun dama bai kai kunne, riga kuwa sai Inna ta sa mishi. Ga dashen albasa ya matso, shi ko bai yarda kowa ya riƙe mishi hwadama.

To garinmu kowa likita na. An shahwa kitsen damo, an shahwa man shanu, wani ya kawo kitsen mesa wanda na rantse na akuya na. Mainasara wanzami, abokin Baba tun ƙuruciya, ya kahwa mishi ƙaho har bayanai ya koma rariya.

Ni ban wuce firamare ba, amma ina karatu ga waya. Da ƙyar nik kai Baba wurin likitan gashin ƙashi Sakkwato. Baba da yaj ji gashi, ya zaci ruwan zahi da tsumma za a kawo. Sai likita ya kwantar da shi, ya riƙe gaɓar, shina turawa shina ja a hankali, kusan rabin awa. Wallahi da munka hito hannun ya ƙara tashi. Amma mi? Ba allura, ba ƙwaya, ba ƙarin ruwa. Baba yac ce tun da anka haihe shi bai ga asibitin da ka sallamar mutum ba a soke shi ba.

Likita yac ce mu dawo duk mako, kuma kullum Baba ya tsaya gaban bango ya riƙa hawa da yatsu. Rana ta hwarko jikoki sunka gan shi, sunka ce Kaka na tahiyar ƙadangare. Mainasara kuma ya shaida ma zaure cewa an kai mutum birni an yi mishi tausa awa mai jego. Shi ke nan, Baba ya rantse bai komawa.

Da nig ga haka nik kalli bidiyo ukku, nij ja mishi hannun sama da kaina. Ya ɗan yi ƙara, wurin ya kumbura kwana biyu, ba wani abu ba. Yanzu ya hana ni shiga ɗakinai. Mi zan yi da mutanen da ba su karatu?

Ɗan da anka kora, Rimawa

Ɗana, ka lissafo likitocin garinku ka manta guda: kai. Mai kitsen akuya bai kumbura wa Baba kafaɗa ba. Abin da ka gani kamar wasa a hannun likita, shekaru ya yi yana koyon inda zai tsaya. Kada ka sake ja, kuma idan kun koma ka faɗa masa abin da ka yi, don ya duba.

Kana da gaskiya, gaɓar da ta daɗe a ɗaure motsi take so, kuma ka ga alama da idonka. Amma dubi Baba. Mutumin da matarsa ke sa masa riga ya riga ya sha kunyar da ta ishe shi, ba sai jikoki sun ƙara masa ba.

Ka fara da ba shi haƙuri, ba tare da ka ambaci waya ba. Hawan bangon ya koma cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Duk Juma'a ya ja layi da gawayi inda yatsunsa suka kai. Manomi yana yarda da abin da ya ga yana tsawo. Mainasara kuwa, ka kai masa goro ka roƙe shi ya raka amininsa asibiti. Wanda aka tafi da shi ba ya dawowa zaure ya yi ba'a.

Albasar bana ka dasa ta kai, Baba ya zauna bakin fadama yana yi maka faɗa. Ranar da hannunsa ya kai kunne a sahun salla, babu wanda zai tambayi allura. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya sanyaya maka harshe.