Rijiyar Unguwar Ilu

Unguwar Ilu, Barkiya
3 ga Afrilu, 1982

Zuwa ga aminina Simeon, akawun ayyuka, Dutsin-Ma.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Priscilla da yara? Albishirinka, mun yi gayya. Tun ranar da ka ce mini a kasuwar Kurfi an kusa sa hannu a takardar gyaran rijiyarmu, na gaya wa mutane maganar Simeon ta fi hatimi. Mun zare itatuwan da mahaifina Ilu ya ɗaure cikinta da su shekara arba'in da suka wuce, mun faɗaɗa bakin yadda zobban siminti za su shiga. Ka san in ruwa ya sauka ba mai barin gona ya zo gayya, shi ya sa muka yi sauri. Tsohuwata Inno ta zauna gefe tana ta faɗa, wai muna tuɓe wa mijinta riga. Turo zobban, sarkin nawa.

Naka,
Dalhatu

Dutsin-Ma
29 ga Afrilu, 1982

Malam Dalhatu,

Ina gaishe ka, ina gai da Inno. Na karanta takardarka. "An kusa" na ce, ban ce an sa ba. Amma laifina ne, na san yadda kake ɗaukar maganata.

Doka ta fito. An yanka wa kowane ofishi iyakar abin da zai kashe a shekara in ban da albashi, mu kuwa mun riga mun kai. Wanda ya ƙara ko kwabo, kotu. Na shiga wurin maigidanmu sau uku, na ukun bai ko ɗago kai ba. Zobbanku suna nan a bayan ofis ina kallonsu ta taga, kuɗin motar ɗauka da na magina ne babu. Don Allah ku mai da itatuwan kafin ruwa.

Ka huta lafiya.
Simeon

Unguwar Ilu
11 ga Yuli, 1982

Simeon,

Muna gaisuwa. Itatuwan da za mu mayar sun ruɓe, da ma ƙasa ce ke riƙe da su. Ruwa na biyu rijiya ta rufta. Da safe muka tarar da kwari kawai.

Yanzu muna shan tafki. In ya ƙafe, gida shida sun ce za su tashi, kuma ba wanda ya zage ni, gara ma a zage ni. Inno ta daina faɗa. Kullum tana zuwa ta zauna a bakin ramin, sai na je na taso ta. Ban riƙe ka ba. Ni na kira gayya.

Dalhatu

Dutsin-Ma
17 ga Janairu, 1983

Malam Dalhatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Sabuwar shekarar kuɗi ta shiga, na sa takardarku a saman kowacce, kuma yau da idona na ga an sa hannu. Mota za ta zo ranar Litinin. Wata shida ban ji daga gare ka ba, ka amsa mini ko da layi ɗaya.

Naka har kullum,
Simeon

Kurfi
21 ga Janairu, 1983

Simeon,

Na gode, Allah ya saka. Kada ka wahalar da direba, ba kowa a can. Mu ne na ƙarshe, mun taso bayan kaka.

Inno ta rasu ranar Laraba a ɗakin haya nan Kurfi. Garwa biyu na saya wurin mai ruwa, da shi aka yi mata wanka.

Ka gai da Priscilla.
Dalhatu