Gwangwanin Biskit Zuwa Ga Yaya Glenys

Ƙanwata Narelle,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen Dubbo. Saƙo ya iso, Allah ya saka. Filastar maganin nan ita ke riƙe da ni tun da al'ada ta ɗauke mini, in babu ita gumi da zafin jiki ba sa barina barci. Ki ƙaro, a gwangwanin biskit kamar kullum. Ba zan iya saya a kemis ɗin garinmu ba, ina takarar kansila kuma idon kowa na kaina.

Yayarki, Glenys

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice. Jiya ina tuƙi na ji ki a rediyo, saura kaɗan in afka wa shingen tumakin mutane! Ke ce kike cewa maganin nan dabarar kamfanoni ce, mata su yi haƙuri irin na iyayenmu? Ke?

Wane haƙuri? Kin manta shekarar da labaran illar maganin suka tsorata Mama ta zubar da nata, ta koma kwana a daɓen banɗaki don neman sanyi?

Filastar ta yi wuya a nan ma. Da almakashi nake raba tawa biyu, rabi ni rabi ke, ina wanke zanen gado kullum saboda gumi, ban taɓa gaya miki ba. Ga maƙwabciyata Raelene, da jin muryarki ta ɓamɓare tata ta jefa a shara, wai Glenys ba ta ƙarya.

Ƙanwarki, Narelle

Narelle,

Ina gaisuwa. Ki kwantar da hankalinki, siyasa ce. Matan cocinmu sun tsani maganin, kuma ƙuri'arsu nake nema. In na ci zan gyara zancen a hankali. Kowa ya zauna da likitansa, ni ban ce Raelene ta zubar ba. Don Allah ki hanzarta, ta ƙarshe ce a jikina kuma zafi ya kama.

Glenys

Yaya,

Ina gaida ke. Na raka Raelene wajen likitarta. Ni kuma jiya na manna tawa sukutum, na yi barci har rana ta fito.

Gwangwani na hanya. Biskit ne zalla, irin wanda Mama ke toyawa. Haƙurinta kuwa ke kika yi wa mata tallarsa, sai ki fara ɗanɗanawa.

Allah ya ba da sa'ar zaɓe.

Narelle