Sunan da Ba Ki Taɓa Faɗa Ba

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki.

Takwararki ce ta sa ni rubutun nan. Ummi da kika bari tana rarrafe yanzu tana sakandare. Ta aro wani littafin labari a makaranta, na zamanin da ake kwaso maza daga ƙauyuka a kawo su Jos haƙar kuza dole. Sanyi da yunwa su kashe su, a binne su ba wanda ya san sunansu.

Wallahi da na san abin da ke ciki da ban bari ta buɗe shi ba. Yarinyar da ba ta wasa da tuwo ta ture kwano. Na same ta a bayan ɗaki ido jawur. Wai ba mutuwar ce ta fi ci mata rai ba, a'a, a ce mutum ya zo duniya ya koma ba mai ambaton sunansa a addu'a. Sai ta tambaye ni ko mu ma muna da irinsu a gidanmu.

Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna da ɗanki na fari.

Tun kafin a haife ni ya faɗa kududdufin da masu kuza suka bari, yana ɗan yaro. Iya abin da na sani ke nan. Ke kuma da kunyar ɗan fari, ko da yana raye ba kya kama sunansa, balle da ya rasu. Duk Juma'a kina soya ƙosai a raba wa yaran unguwarmu ta Kwararafa, in na tambaya sadakar wa, sai ki ce, "Ta wancan ce, ke dai miƙa." Baba kuwa da an tayar da zancen zai ɗauki buta ya fita.

Ummi ta hana ni sakat, sai da muka je Rikkos wurin Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ci sunansa. Tsufa ya cinye ta, Inna. Ta riƙe hannun Ummi gam, a zatonta ke ce. Da na tambaye ta sunan, sai ta yi dariya ta ce, "Ga uwarsa zaune, ni kike tambaya?"

Haka muka dawo gida ba mu samo sunan ba.

Na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Haba Inna! Ko sau ɗaya, ko a kunne ne. Amma ni ma uwa ce yanzu, na san ba ƙaramin abu kika haɗiye ba shekara da shekaru.

Yanzu in Ummi ta idar da salla, ina ji tana cewa Allah Ya jiƙan wancan. Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan shi, Ya haɗa ku a Aljanna. In kun haɗu, Innata, don Allah ki kira shi da sunansa.

Autarki mai kewarki,
Binta