Wa Zai Raka Baba Bandung

Hayyin Ashir, Alƙahira

Zuwa ga Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da ƴar ɗakina Nana Fatima. Ya Zariya? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba.

Yaya, rigima ake a gidan nan, kuma ina ciki tsundum. Wani tsohon ɗalibin Baba ya gayyace shi Indonesiya ya ba da karatu a bayan garin Bandung lokacin hutu, an ce ya taho da mutum ɗaya mai kula da shi a hanya. Na ce ni ce. Yaya Kamilu ya yi dariya har da riƙe ciki, wai wadda ba ta iya ce wa direban ƙaramar motar haya, maikrobas, ya tsaya, sai an kai ta ƙarshen layi ta dawo da ƙafa, ita za ta yi wa wani jagora? Wai in zauna da littattafan soyayyata.

To, ina jin nauyin ɗaga murya cikin maza, sai me? Ni nake zama benci ɗaya a makaranta da Nuha, ƴar Bandung. Na san daga Jakarta jirgin ƙasa ake hawa, na san ƙananan motocin hayarsu, angkot, na san acaɓarsu ba ta yi wa gwiwar Baba. Shi ko a taswira bai san garin ba.

Baba ya yanke hukunci: in kai wa Goggo Fatuma saƙo unguwar Faisal ni kaɗai. In na tsayar da mota a bakin layinsu, ni zan je. Zan kuwa tsayar.

Ƙanwarki,
Fatimatuzzahra

Hayyin Ashir, Alƙahira

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Nana, haƙoran sun fito?

Na je. Har Abbasiya ba matsala, jirgin metro kuma shi ke tsayar da kansa. A titin Faisal aka yi ta. Nuha ta faɗa mini a garinsu kwabo ake ƙwanƙwasawa a ƙarfen mota, direba ya tsaya, na ce khalas, shi ke nan, na huta da magana. Da na hango shagon mai ruwan rake na bakin layin Goggo, na ɗaga kwabona na ƙwanƙwasa. Mutumin da ke gefena ya ɗauka kuɗin mota nake miƙawa, ya karɓe, aka yi ta miƙa shi hannu da hannu har gaban direba!

A littafi, nan ne wani kyakkyawan saurayi zai lura da ni ya yi magana. Na waiwaya, wata tsohuwa ce da kwandon ganye tana gyangyaɗi. Shago yana wucewa, Bandung tana wucewa. Yaya, ban san ina da irin wannan muryar ba. Na ƙwala wa direba kira irin na nan, "ya usta", na ce ya tsaya, har tsohuwar ta farka. Ya taka burki. Ba wanda ya ko kalle ni.

Da na dawo, Yaya Kamilu ya riga ni gaban Baba, yana cewa na zarce layin. Ashe yana kujerar baya, ya rufe fuska da hula. Na ce eh, na zarce kaɗan, amma wa ya tsayar da motar? Baba ya tambaye shi, shi a ina ya sauka. Sai ya hau sosa ƙeya. Don kada in ji muryarsa, sai da aka kai shi ƙarshen layi.

Baba ya ce in kawo fasfona.

Taki har kullum,
Fatimatuzzahra

Bandung

Yaya Mardiya,

Sallama da gaisuwa daga nesa, da fatan kowa lafiya.

Mun iso. Ta tagar jirgin ƙasa gonakin shinkafa hawa-hawa ne a jikin duwatsu, ko littafin da na ɗauko ban buɗe ba. Angkot ƙanƙanuwa ce, ana zama gefe da gefe, gwiwa na gugar gwiwa, sai na nemar wa Baba kujerar gaba. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ga shi ya yi barci, alhali shi aka kwatanta wa ƙofar makarantar. Ni na gane koren masallacin da na ji ana kwatanta masa.

Nuha ta ba ni kwabon ƙasarsu don ƙwanƙwasawa. Yana nan a jakata. Da bakina na tsayar da motar.

A shafa mini kan Nana.

Ƙanwarki,
Fatimatuzzahra