Tocila a Ƙasan Rijiya

Unguwar Romi, Kaduna
12 ga Fabrairu, 1984

Zuwa ga Yaya Rhoda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da Baban Christy da yara. Yaya ƙafar Mama? Mu nan da sauƙi, sai dai maganar ruwa.

Damina ba ta yi abin kirki ba bara, rijiyoyin unguwa duk sun ƙafe. Sau huɗu nake zuwa kogi a rana, wuyana ya ƙage. Tun da masaƙa ta sallami mijina Ishaku ya ɗaura aniyar ƙara zurfin rijiyar gidanmu. Ya samo wani dattijo mai haƙar rijiya, Garba. A zurfin gaba takwas suka ci karo da dutse, diga sai tartsatsi take yi.

Maƙwabcinmu Malam Shehu, mai koyar da labarin ƙasa, ya leƙa ya ce wai wuta biyu ke juya duniya. Ta sama ita ce rana, ita ke ɗebe ruwa ta haɗa hadari da iska, ita kuma ta shanye namu. Ta ƙasa tana can cikin cikin duniya, ita ta narka wannan dutse tun fil azal ta turo shi ya daskare a ƙarƙashinmu. Na ce ashe mu ne kek ɗin Kirsimeti, garwashi sama garwashi ƙasa. An yi dariya, amma ni raina a ɓace yake.

Ki gaishe da Mama.
Ƙanwarki, Lydia

9 ga Maris, 1984

Yaya Rhoda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙon citta, Allah ya saka. Yaya Mama?

Garba ya ce abin da wuta ta haifa wuta ce maganinsa. Suna tara itace da tsofaffin tayoyi a kan dutsen su cinna, in ya yi ja su sheƙa masa ruwan sanyi ya tsage. Ruwan da na ɗauko a kaina fa, Yaya! Yara ba su yi wanka ba, dutse na sha. Bayan kwana biyu Garba kan kunna fitilar ƙwai ya zura da igiya, ya daɗe yana kallo, sannan ya yarda a shiga.

Sau huɗu ke nan, abin da ke ɓantarowa bai wuce faifai ba. Ishaku ya rame, majinarsa baƙa ƙirin. Na roƙe shi ya haƙura, ya ce in ya bari sai zaman kashe wando, ya riƙa kallona ina dakon ruwa. Kin dai san taurin kansa. Ga kananzir ya yi ɓatan dabo a gari. Tsoro nake ji, ki sa mu a addu'a.

Taki, Lydia

20 ga Afrilu, 1984

Yaya Rhoda,

Ina gaisuwa. Na san jinyar Mama ce ta hana ki zuwa jana'iza, ban riƙe ki ba. Kin aiko ƙanenmu Matthew ya tambaye ni yadda abin ya faru, bakina ya kasa. Bari in rubuta.

An yi wa dutsen ƙuna ta biyar, sai zazzaɓi ya kwantar da Garba. Ishaku ya ce ya ji ƙarar tsagewa, ba zai iya jira ba. Da safe ya ɗauko fitila, ba kananzir ko ɗigo, ni na juye na ƙarshe a risho na dama wa yara koko. Sai ya ɗaura tocilarsa a igiya ya zura. Ya kira ni in gani. Haske tar har ƙasa. Ni da bakina na ce ai wannan ta fi ta Garba.

Wayyo Yaya, mun ɗauka don a ga hanya ake zura fitilar. Garba bai taɓa faɗa ba, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. Daga baya Malam Shehu ya ce harshen wuta iska yake shaƙa kamar mutum, in ya mutu a ƙasa, hayaƙi ya kore iskar ke nan. Tocila ba ta numfashi.

Ya sauka yana tsokanata, wai in tanadi guga. Na kira shi sau uku, shiru. Da ƙugiya maza suka jawo shi. Tocilar tana can ƙasa tana ci har washegari.

Dutsen kuwa ya tsage. Ruwa ya taso garai-garai, tun da sassafe mata ke layi a ƙofar gida, suna sa wa Ishaku albarka. Ba na hana kowa. Na taɓa cika moɗa na kai baki, hannuna ya ƙi. Garba ya zo gaisuwa yana kuka, ban iya ɗaga kai na dube shi ba, shi ma haka.

Ki zo ki tafi da yaran nan wurinki Kagoro, ba ni da ƙarfin kula da su. In kin iso ba ki same ni ba, ki ɗan jira, na tafi kogi ɗiban ruwa.

Ƙanwarki, Lydia