Labarin Rakiya Ya Kai Kasuwa

Assalamu alaikum, ƙanena Idi. Ina gajiya, ina zaman Kumasi? Yaya iyali, yaya ƙafar taka? Mu nan Filinge lafiya lau, gero ya fid da kai, alhamdu lillahi.

Na ji ka yi fushi don ɗiyarka Rakiya ta rubuta littafin soyayya tana turawa ta waya, har ka ce ta bari. Da yake ajami kawai na iya, sai na zaunar da ita ta karanta mini shi duka. Ba ni son rantsuwa, amma ban ji kalma guda da zan ɓoye wa malam ba.

Ranar kasuwa na iske mata wajen masu fura suna gardama kan littafin. Maƙwabciyarmu Inna Gambi, wadda ba ta yabon kowa, ta riƙe mayafina: "Ke Hajo, saurayin labarin nan ya tafi noman surukai, ya sha fura gaban uban yarinya? A nan ƙasarmu ta Kurfai? Ta gyara maza, kada a hana shi yarinyar, ni na riga na ba shi! In ban da wannan, tarbiyyar gidanku ce duk a ciki."

Rakiya ta gyara. Yanzu bayan gawo yake ɓuya ya sha furarsa.

Idi, ka janye maganarka, ka sa mata albarka. A gaida mai ɗakinka da yara, ku sa mu a addu'a.

Yayarka,
Hajo